Geron ajiya da linkin mushe

Shekarun baya, tun zamanin da mutum zai hau babur daga Sabon Birni ya nufi Isa ba tare da ya tsaya tambayar ko hanya lafiya ba, na taɓa mallakar shafin intanet. Ku daina dariya. Shafi ne sosai, da sunansa da komai, har da hoton rumbu a samansa. Ina koyarwa a firamare a lokacin, kuma duk unguwarmu ni aka sani da aikin kwamfuta, alhali ko kwamfutar ba ni da ita. Ta abokina ce, mai shagon buga takardu a bakin kasuwar Isa. Shi ya buɗe mini shafin, ni kuma nakan je ranar da babu makaranta in zuba abin da na rubuto: yadda hatsi ya kwana a kasuwa, wace rijiya ce ta ƙafe, wane gari aka fita roƙon ruwa. Masu karanta ni ba su da wuyar ƙirgawa. Akwai ni, akwai abokina, shi ma don a gabansa nake bugawa ne.

Mahaifina manomi ne, kuma yana da wani irin gero da ya gada wajen nasa mahaifin. Gajere ne, yana nuna da wuri kafin ruwa ya ɗauke, zangarniyarsa kuma tana da gashi tsiri-tsiri, shi ya sa tsuntsu ba ya son sauka a kanta. A gida ɗan gargasa muke ce masa. Ba wani yawan albarka gare shi ba idan aka gwada shi da sabon irin da ake kawowa, amma furarsa daban ce, kuma Baba yana ji da shi kamar ɗan fari.

Yana da wata ɗabi'a da ta daɗe tana ba mahaifiyata haushi. Duk wanda ya zo ya yaba geron nan, ko baƙo ne da ya tsaya shan ruwa, sai Baba ya shiga rumbu ya zaɓo masa zangarniya masu kyau. Ba ya sayarwa, kuma ba ya yarda a ce kyauta ce. Sai ya miƙa ya ce, "Riƙe. Ajiya ta na ba ka." Inna kuwa daga cikin gida sai ta ce, "Ajiya, ajiya! Ni dai tun da niz zo gidan ga ban ga ran da anka maido ko ƙwara guda ba."

Sai ga shekarar da damina ta yi mana gardama. Baba ya yi binne kamar yadda ya saba, wato ya shuka a busasshiyar ƙasa yana jiran ruwan farko ya tarar da irin a ciki. Abin da ya zo yayyafi ne, ya isa ya tsirar da shuka, bai isa ya raya ta ba. Rana ta ƙone ta. Aka sake shuka da aka yi ruwa na gaske, gero ya fito har ya kai gwiwa, sai sama ta rufe bakinta. Muna kallo ya yi ja ya kwanta. A karo na uku Inna ta ce a rage wani abu a tukunya, ko cikin tafi ne. Ranar kuwa hadari ya haɗu ta gabas, baƙi ƙirin, iska har tana ƙamshin ruwa. Ni kaina da na ga hadarin nan da na rantse za a kwana ana zuba ruwa. Baba ya juye sauran irin a ƙwarya muka fita. Hadarin ya wuce ta kanmu ya tafi abinsa.

Da kaka ta zo, wadda ba ta amsa sunanta ba, na riƙa goya Baba a babur muna bin mutanen da ya taɓa ba ajiya. Mun je Gatawa, mun je Unguwar Lalle, mun shiga ƙauyukan wajen Isa. Ko'ina labarin ɗaya ne. Farin da ya same mu ya same su. Wani ya shuke nasa kamar mu, wani yunwa ta sa ya daka, wani kuma ya daɗe da komawa sabon iri har ya manta. Suna sunkuyar da kai suna ba shi haƙuri, shi kuma yana cewa babu komai. A hanyar dawowa wata rana, na ce masa iri ai ba ya ƙarewa a kasuwa, in lokacin shuka ya yi za mu samu wani. Sai ya ce, "Hatsi kam ba ya ƙarewa duniya. Amma wanga, ga hannuna yaƙ ƙare. Tsohona ya ba ni shi da rai. In mun gamu, mi za ni ce mai?"

Ban taɓa jin muryarsa haka ba.

Mutum ɗaya ya rage a ransa. Wani falke ne mai jakuna daga wajen Faranshi, kamar yadda tsofaffinmu suke kiran Nijar, wanda ya taɓa kwana a zaurenmu tun kafin a haife ni, aka ba shi ajiya ya tafi. Baba bai san garinsu ba. Abin da ya riƙe kawai shi ne mutumin dogo ne, yana da zanen Gobirawa, kuma yana son fura da tsami. Na ce masa da wannan kwatancen ai rabin ƙasar ya kwatanta.

Nan ne dabara ta faɗo mini. Akwai wata tsohuwar zangarniyar ɗan gargasa da aka soke a rufin zaure tun shekarun baya, ƙwari sun gama da ƙwayarta, sai gashin da siffar. Na zare ta na kai Isa, abokina ya ɗauke ta hoto, na rubuta labarin gaba ɗaya na sa a shafina, na roƙi duk wanda ya san mai irin wannan gero ya yi magana. Na dawo gida ina jin kaina kamar wanda ya sa cigiya a rediyo.

Mako ya zagayo, shiru. Na koma shagon na ce mu gwada nema da kanmu. Muka rubuta "geron Sabon Birni" a injin bincike. Shafin farko babu ni, na biyu babu ni, muka yi ta dannawa har janareta ya fara tari, ban ga ko inuwata ba.

Abokina ya jingina da kujera irin ta masana ya ce, "Mutumina, matsalakka guda ta. Ba wanda ka nuna ka. Shi injin ga dubawa shikai ya ga shahuna nawa ka nuna ƙohwar gidanka. In sun yi yawa, sai ya ce lalle wanga babban mutum na, ya ɗaga ka sama."

Na ce, "To wa za ya nuna ni, ni da ba a sani ba?"

Ya ce, "Musanya akai. Ka sa linkin mutum ga shahinka, shi ko ya sa naka ga nashi. Shi ke nan."

Linki, ga wanda bai sani ba, shi ne ɗan rubutun nan da za ka danna ya kai ka wani shafin. To daga ranar na zama ɗan kasuwar linki. Duk shafin da na ga alamar mai shi yana amsa saƙo, sai in aika masa da Turancina na malamin firamare: ka sa ni, in sa ka. Ban zaɓa ba, ban tace ba. Na yi musaya da mai labarin ƙwallo, da mai waƙoƙin da ake sa wa waya, da mai maganin ciwon baya, da wani mai sayar da takalma a ƙasar da har yau ban iya faɗin sunanta ba. Gefen shafina ya cika da sunayen mutane har ya fi rubutuna tsawo. Wanda ya shigo neman labarin gero sai ya ɗauka tasha ya shigo.

Da na yi wa su Baba bayani a tsakar gida, Inna ce ta riga shi ganewa. Ta ce, "Au, ashe biki kuka yi, ka kai min in kai maka. To amma da baƙi?" Baba kuwa tambaya ɗaya ya yi: ko mutanen nan suna noma? Na ce ban sani ba. Ya gyaɗa kai ya ce Allah ya ba da sa'a, ya ci gaba da gyaran igiyarsa.

Kada in yi wa musaya ƙarya, ta ɗan motsa ni. Wata rana muka nema sai ga sunan shafina can ƙasa, a wani shafi mai nisa da babu mai hankalin da zai danna har ya kai can. Amma mu mun kai. Ranar har tsire abokina ya aika aka sayo, muka ci muna kallon allon kwamfuta kamar an ba mu sarauta. Masu shigowa ma sun ƙaru, sai dai shigowar wanda ya yi ɓatan hanya ce, su leƙo su juya. Saƙo ɗaya da aka bar mini a ƙarƙashin hoton zangarniyar, da na buɗe cike da ɗoki, tallan man gashi ne.

A cikin duk waɗanda na aika wa, mutum ɗaya ne bai ce mini "an gama" nan take ba. Malamin makaranta ne a wani ƙauye ta wajen Maraɗi, irin waɗanda can ake kira mushe, wato malam a bakin masu Faransanci. Shafinsa ya fi nawa talauci. Rabi Faransanci rabi Hausa, ba komai a ciki sai itatuwa da tsirrai: gawo, aduwa, sabara, wanne akuya take so, wanne ake ci in shekara ta yi wuya. Amsarsa ta ba ni haushi da farko. Cewa ya yi in ba shi lokaci ya karanta tukuna, don ba ya nuna wa mutanensa ƙofar da bai shiga ba. Na ce a raina, ji mutum, shafi kamar bukka amma sai ka ce fada.

Bayan kwanaki sai ga shi ya dawo. Ya ce ya karanta duka, har da na rijiyoyi. Sannan ya tambaya, "Yaya ƙarfin jikin Baba? A gaishe shi, a ce mai kada ya hidda rai." Kuma bai jefa linkina a gefe cikin tarkace ba. Rubutu ya yi na musamman a kan tsofaffin irin hatsi, a tsakiya ya sa cewa wani ɗan'uwansu na Sabon Birni yana neman wannan iri, wanda ya gani ya taimaka.

Ana nan, sai sunana ya ɓace daga inda muka gan shi. Muka nema sama da ƙasa, babu. Abokina ya yi bincikensa ya dawo da sabon karatu. Ashe injin ya waye da wayon musaya, kuma tulin linki marasa dangantaka da abin da kake rubutawa ba ya ƙara maka komai, wani lokaci ma ja maka yake yi. Ya ce shara za mu yi. Muka zauna yana gogewa ina kallo. Mai ƙwallo ya tafi, mai takalma ya bi shi, mai ciwon baya ma haka. Da ya zo kan na mushe sai ya ce, "Wanga ma hita za ya yi. Shahin da ko akuya ba ta biyawa, mi za ya ƙara maka?"

Na ce a bar shi.

Ya ce, "Don mi?"

Na ce, "Ya gaida Baba."

Abokina ya dube ni ya fashe da dariya har yana dukan tebur. "Kai, har cikin intanet sai ka kai kunya? Injin ga bai san gaisuwa ba, mutumina!" Gaskiyarsa ce kuwa, injin bai sani ba. Ni ma ba wani hangen nesa na yi ba. Kawai na ji ba zan iya goge mutumin da ya tambayi jikin mahaifina ba, ya zo wata rana ya duba ya ga na share shi. Ko'ina a shafin ya zama fayau, sai linkinsa shi kaɗai a gefe.

Rani ya yi nisa, bazara ta kawo zafinta, gabas ta fara yin duhu da yamma. Baba ya samo wani iri wajen maƙwabci ya ajiye, ya daina maganar ɗan gargasa kwata-kwata. Wannan shirun ya fi damuna a kan maganar. Ni ma na rage zuwa Isa.

Ina cikin aji wata safiya sai waya ta yi ƙara da lambar ƙetare. Mushe ne, karon farko da na ji muryarsa. Ashe bai tsaya ga linki ba. Ya san yawancin manoman wajensu ba sa shiga intanet, sai ya buga hoton zangarniyar a takarda ya manna a bangon makarantarsa, yana kuma yawo da shi ranar kasuwa. Ya ce, "Malam, akwai uban wani ɗalibina nan da yag ga hoton. Bai yarda ya yi man bayani ba. Ya ce shi da Baba za ya yi magana. Muna tahe ran kasuwakku, in Allah ya so."

Ban gaya wa Baba ba, don ina tsoron in ɗaga masa rai a banza. Ranar kasuwa da hantsi sai ga babur a ƙofar gida. Mushe siriri ne mai tabarau, ya girme ni nesa ba kusa ba, ni da nake zaton sa'ana ne. A bayansa wani dogon mutum mai zanen Gobirawa, rungume da wani abu a naɗe cikin tsohon zane. Aka shimfiɗa musu tabarma a zaure, aka kawo ruwa, aka yi gaisuwar da ba ta ƙarewa: gida, iyali, gajiya, zafi, dabbobi. Ni kuwa idona yana kan ƙunshin nan.

Sai dogon ya ajiye shi gaban Baba ya kwance. Zangarniyoyi ne gajeru masu gashi, cike da ƙwaya.

Baba bai taɓa su nan da nan ba. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗauki ɗaya ya murje kaɗan a tafinsa, ya hure, ya jefa ƙwaya biyu a baki ya tauna.

Mutumin ya ce, "Baba, tsohona falke na, da jakkai shika yawo, Allah ya yi mai rasuwa. Mu can ba mu san wani ɗan gargasa ba. Ajiyas Sabon Birni muka ce mai, duk garinmu haka anka san shi. Tun muna ƙanana tsoho ka ce muna, hatsin ga ba namu na ba, ajiya ta. Ku ci, ku shuka, amma kada ku bari ya ɓace, ran da mai shi yaz zo ku ba shi abinai. Bana mu ma munka sha wuya, sai wani ɗan kwari da yat tsira. Masara munka ci, ba mu taɓa wanga ba. Na raba biyu, ga naka."

Baba ya ja gefen rawaninsa ya rufe fuska, kafaɗunsa suna motsi. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar, kuma ni ma ban tsaya ƙirga nawa ba. Mushe ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

Da Baba ya natsu, sai ya sa hannu cikin zangarniyoyin ya zaɓi masu kyau guda biyu. Ya miƙa wa mushe ya ce, "Riƙe. Ajiya ta na ba ka."

Daga bayan ƙofa muka ji muryar Inna, wadda ashe duk tana saurare: "Ya koma halinai! Wallahi ya koma!" Amma muryar tata ma a jiƙe take. Ranar ita da kanta ta dama wa baƙin fura, ta tambaya ko da tsami suke so.

A wannan karon an rage iri a tukunya kafin a fita shuka, kuma Inna ce ta ɗora dutse a kan murfin. Damina ta zo da dama-dama. Baba ya ga ɗan gargasa ya fitar da kai a gonarsa, ya ga an ɗaure dammuna, ya sha furarsa shekaru kafin Allah ya karɓi abinsa. Na tabbata ya tafi da amsar da zai ba nasa tsohon.

Mutane kan tambaye ni, da yake sun ji na taɓa harkar, ko musayar linki tana ɗaga ƙaramin shafi. Abin da na gani da idona shi nake faɗa. Shafina bai taɓa hawa shafin farko ba, ko da musaya ko babu. Tulin da na tara ya ɗaga ni kaɗan ya sake ni. Guda ɗaya da ya yi mini amfani, ta wajen injin ba shi da wani nauyi, amma mai shi ya karanta ni, abin da yake rubutawa dangin nawa ne, kuma masu saurarensa su ne mutanen da nake nema. In za ka yi musaya, yi da wanda zai buɗe ƙofarka ya shiga, ba wanda zai rubuta sunanka a bango ya wuce ba.

Shafina ya daɗe da mutuwa. Abokina ya rufe shago ya koma Sakkwato, hanyoyin da muke bi da babur kuwa yanzu sai an yi shawara kafin a hau su. Lambar mushe ta daina shiga, ban san ko canzawa ya yi ba, ban san ko lafiya ba. Ina kewar wancan lokacin ƙwarai, har da tarin janareta da tallan man gashi.

Kwanan baya na nemi shafinsa a waya, sai ga shi yana nan yadda yake, da gawonsa da aduwarsa, ba a ƙara komai ba shekara da shekaru. Na gangara har kan rubutun nan. Linkina yana nan a tsakiya, yana cewa ɗan'uwansu na Sabon Birni yana neman wannan iri. Na danna, aka ce babu wannan shafin. Ni na bar gidan ya rushe, shi har yau yana nuna ƙofar.

Bana ma na ware zangarniyoyi masu kyau na rataye a zaure, na mushe daban, na ɗan falke daban. Ajiyarsu ce, suna nan har ranar da hanya za ta buɗe.